Kafin ka sayi kwano, duba katako da ɗauri

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sanya albarka a ginin, ya sa ka shiga lafiya. Ka ce ɗaki biyu da falo ne a Rigasa da ke Kaduna, gini ya kai linta, kuɗi sun ja baya, kana tambaya ko ka sa gajeren kwanon da ake sayarwa a bandir ko ka jira ka tara na dogon aluminiyam, sannan ko filastar waje za ta iya jira zuwa baɗi. Na ga 'yan'uwa sun yi ta magana a kan kwano. Ni abin da ke ƙarƙashin kwanon nake so in ja hankalinka a kai, domin nan na sha wuya.

Nawa gidan yana Mando. Cikin Maris muka rufe shi, a gaggauce, don kuɗin haya ya kusa ƙarewa. Kafintan ya aza katako a kan bulo, ya kama da kusa, ya ce nauyin rufi zai riƙe kansa, ni kuma na yarda. Ranar ruwan farko, bayan la'asar, hadari ya haɗo daga gabas, jar ƙura ta riga shi isowa. Muna falo muka ji ƙara. Rabin rufin ɗakin yara ya tashi da katakonsa, a haɗe kamar faifai, ya kife a filin maƙwabci. Ko kwano ɗaya bai yage ba, kusoshinsa suna nan daram. Allah ya tsare, ba kowa a ɗakin. Har yau idan hadari ya yi baƙi sai na tuna ƙarar nan.

Iska ɗaga rufi take yi. Tana shiga ta ƙarƙashin bakin kwano da tagogin da ba a sa ba, ta tura shi sama, wadda ke wucewa ta samansa kuma tana jan sa. Idan ba a ɗaure shi da jikin gini ba, tsadar kwanon ba za ta hana shi tafiya ba.

Ka yi sa'a tunda kana linta. Ka sa magini ya dasa langa-langa ko siririn rodi a cikin kankaren, ya bar su su fito sama, kowace kusurwa da kuma tsakani bayan ƙafa 3 ko 4. Idan an aza katakon da ke kwanciya a kan bango, a naɗe shi da su a buge. Idan kuwa an riga an zuba lintar, a huda bulo layi biyu ko uku daga sama, a zura langa-langa a zagayo da ita. Kuɗin wannan aiki duka bai kai na bandir ɗaya ba.

Katako kuma ka je kasuwa da ƙafarka, ko Panteka ko duk inda ka saba, kada ka yi aike. Ɗanyen katako yana da nauyi da sanyi a hannu; idan ya bushe a kan gini sai ya murɗe, kusa ta saki, yoyo ya fara. Ka ɗaga baki ɗaya ka hango tsawonsa da ido, karkatacce ka ajiye. Ka tafi da abin awo, don wanda ake kira ƙafa 12 ba kullum yake cika ba. Mai inci 2x4 na rafta, wato katakon da ke gangarowa daga ƙololuwar rufi zuwa bango, 2x3 na wanda ake buga kwano a kai, kada ka yarda a sa maka 2x2 a nan, wannan na silin ne. Tazarar waɗanda ake buga kwanon a kansu kada ta wuce ƙafa 3. Sannan a shafe shi da maganin gara tun yana ƙasa, har bakin da aka yanka. Wasu baƙin mai suke shafawa, ni na fi natsuwa da maganin.

Kwano kuwa, ra'ayina kada ka bar gini a buɗe ya sha damina don jiran aluminiyam. Gaskiya ne ba ya tsatsa, kuma da yake dogo ne mahaɗa ba ta da yawa, amma sai mai kauri, milimita 0.45 ko 0.55. Idan aljihu bai kai ba, sayi na bandir mai kauri, ka ƙirga falle 20 ɗinka a gaban mai shago. A haɗa shi tudu biyu a gefe, inci 6 a tsawo, kusa mai hula a kan tudu, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Ka ba rufin gangare sosai, ruwan Agusta a Kaduna ba ya son rufi kwance. Rufin nan da ake yayi, wanda ake ɓoyewa a bayan bango, yana da kyan gani, amma ganye kaɗan ya toshe magudanarsa sai ruwa ya dawo ɗaki. A ƙaramin gida ban ga ribarsa ba. Bar bakin kwano ya fito kamar ƙafa 2, a rufe ƙarƙashinsa.

Filasta za ta iya jira, ban da bangon gabas. Nan ruwa mai iska yake duka, bulo kuma shan ruwa yake, sai ka ga danshi ya ɓullo ciki, fenti yana ɓarewa. Yi masa filasta bana, a riƙa yayyafa masa ruwa na 'yan kwanaki don kada ya tsage. Tagogi ma a sa su kafin ruwan farko, ko a toshe da katako.

Ranar rufi ka bar duk abin da kake yi ka tsaya a wurin. Ka riƙe cikon kuɗin kafinta, da tsakar rana ka shiga ɗaki ka ɗaga kai, duk inda haske ya ratso ka nuna masa. Silin kuma kada a buga sai an yi ruwa biyu ko uku ka ga ƙasa a bushe.