Ka dakata da maganar firam ɗin nan tukuna

Ɗan'uwa, tambayarka ta fama mini tsohon miki. Ka ce ka sayi hoton 'yan wasan kabuki (wasan kwaikwayon gargajiya na Japan), irin wanda ake bugawa daga sassaƙaƙƙen katako, aikin mai zane Kunisada, kana son sanin ko na asali ne kafin ka sa masa firam ka rataye a falo. Don Allah kada ka yi gaggawa.

Nawa a unguwar Jimbocho na saye shi ina ɗalibi a Tokyo, sai da na matse bakin aljihu wata da watanni. Falle uku ne masu haɗuwa, aikin Kunichika almajirin Kunisada, ga ɗan wasan kabuki Danjuro a tsakiya da tambarin gidansu a hannun riga. Da na dawo gida na kai wa wani mai firam, na ja masa kunne kada ya taɓa gefen. Ya ce an gama, yallaɓai. Ranar da na je karɓa, wallahi jikina mutuwa ya yi. Ya bi gefen da reza wai don fallayen su daidaita, ya kwashe inda aka rubuta sunan mai bugawa da shekara, sannan ya malale bayan da gam ya liƙa a katako. Da na yi magana sai ya ce ai takarda ce, har yana neman cikon kuɗinsa. Shekara shida ke nan, ko layin shagonsa ba na iya bi.

Bayan takardar, wanda ya lalata mini, shi za ka fara dubawa a naka. Bugun hannu launinsa kan ratso takardar, ka ga sawun gugar baren, wato faifan da ake goge bayan takardar da shi wajen bugawa. Amma waɗanda aka sake sassaƙawa a ƙarni na 20 ma suna da wannan, don haka ka nemi ɗan hatimin masu tacewa na hukumar wancan zamanin kusa da sa hannun. In ka ga an rubuta Toyokuni kada gabanka ya faɗi, tun 1844 Kunisada ya koma amfani da sunan. Kunisada ya yi zane dubbai, shi ya sa na asalinsa ba ya wuyar samu. Da aikin Sharaku, mai zanen da na asalinsa ke wuyar samu, aka sayar maka da araha, da na ce ka yi haƙuri.

Falo kuwa, a'a. Rana tana cinye shunayya da shuɗi, danshin damina ya bar tabo, gara ma ba ta ƙyale shi. Ka kwantar da shi tsakanin takardu marasa asid cikin durowa.

Turo mana hoton bayan da na hatimin, mu duba tare.