Tambayi Likitan Dabbobi: Kajin da Aka Ceto Daga Wahala

Tambaya: Likita, na sayi tsofaffin kajin ƙwai 12 daga wata gona da ta rufe. Gashinsu ya zube, biyu ba sa iya tsayuwa. Ba yanka su zan yi ba, so nake su rayu. Me zan ba su? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba da lada. Amma kafin maganar abinci, a fara da wurin kwana. Ki keɓe su kwana 30 nesa da kajin gida, da kwanon ruwansu daban, kuma su ne na ƙarshe da za ki leƙa kullum, sannan ki wanke hannu da sabulu.

Biyun da suka zube, mafi yawa ƙashi ne ya gaji. Kowane ɓawon ƙwai yana cin kusan giram 2 na sinadarin kalsiyam, kazar gona kuwa tana yin ƙwai wajen 300 a shekara. Abin da abinci bai ba ta ba, daga ƙashinta take cirowa, ga shi keji ya hana ta motsi. Don haka kada a ɗaga su ta ƙafa ko ta fiffike kamar yadda ake yi a kasuwa, nan take ƙashi yake karyewa. A riƙe da hannu biyu, fikafikai a manne da jiki. Ki shimfiɗa musu ɓuntun shinkafa busasshe, abinci da ruwa a gaban bakinsu. Ki ci gaba da abincin kajin ƙwai da suka saba, giram 110 zuwa 120 kowace kaza a rana, da dakakken ɓawon ƙwai da aka gasa a wani kwano daban, su kuma sha hantsi. Dusa zalla ba za ta tayar da su ba. Idan mako ya wuce ba sauƙi, ko ƙafa tana reto, sai likita ya duba. Gashi kuwa haƙuri yake so, wata biyu zuwa uku.

Tambaya: Na tsinci kaza a yashe, ta rame sosai. Na ɗura mata ruwa sai ta fara kakari. Laifin me na yi? Daga wani matashi a Maraɗi.

Amsa: Ɗurar ce, Malam. Ƙofar numfashin kaza tana gindin harshe, ruwan ya bi ta nan zuwa huhu. Ɗigawa ake yi a gefen baki, ta haɗiye da kanta. A lita ɗaya ta ruwa ka sa sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali, na yini ɗaya kawai. Zafin jikin kaza kusan digiri 41 ne, ramammiya kuwa sanyi ke saurin kama ta, saboda haka ka fara ɗumama ta a kwali mai tsumma. Abinci jiƙaƙƙe kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a rana. Da safe ka taɓa jakar abinci da ke gindin wuyanta: idan ba komai a ciki, ciki yana aiki. Idan kakarin ya kwana, ka kai ta asibitin dabbobi, kada ka buɗe mata kafso na mutane.

Tambaya: Ina karɓar duk tsuntsun da aka wulaƙanta, har da agwagi da talotalo. Zan iya haɗa su akurki ɗaya? Yarana kuma suna wasa da su. Daga wani magidanci a Zariya.

Amsa: A'a, raba su. Agwagwa tana iya ɗauke da murar tsuntsaye tana kiwonta lafiya lau, kaji su yi ta mutuwa. Talotalo kuma akwai cutar hanta da yake ɗauka ta hanyar tsutsar hanjin kaza, wadda kazar kan jure, shi kuwa ta kashe shi. Murar tsuntsaye ba baƙuwa ba ce a yankinku, a Jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a 2006, kuma tana kama mutum. Idan ka ga mutuwar farat ɗaya, zanko ya yi shuɗi, kai ya kumbura, kada a yanka, kada a fige, kada a sayar. Ka sanar da ofishin kula da dabbobi. Yara su daina rungumar tsuntsayen da ke keɓe, su wanke hannu kafin cin abinci, don kashin kaza ko mai lafiya ce yana kawo gudawa. Tsuntsaye masu lafiya a yi musu rigakafin cutar Newcastle, wata annobar kaji. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato tana yin nau'in rigakafin da ake kira I-2 mai jure zafi, ɗigo ɗaya a ido duk wata huɗu, musamman gab da hunturu.

Tambaya: Burolar da ta rage bayan sallah, za ta rayu idan na bar ta? Daga wata mai karatu a Kano.

Amsa: Za ta iya, in kin hana ta ƙoshi. An ƙirƙiro ta don yanka a mako shida zuwa takwas, nauyinta yakan fi ƙarfin zuciyarta da ƙafafunta. Ki daina barin abinci a gabanta yini guda. Awo sau biyu a rana, da ganye, da fili ta taka, da inuwa mai iska lokacin bazara.