Tambayoyinku Kan Fasaha: Kwamfutar Kwantum Za Ta Kwashe Kuɗina Daga Banki?

Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantum, wato ilimin halayen ƙananan ƙwayoyi irin su zarra da ilektiron, tambayoyi kan wannan batu suke ta kwararowa. Na tattaro su wuri guda, a yi ta ta ƙare.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga tallan wata manhaja da aka ce tana mayar da waya ta kwantum, saurinta ya ninka. In sauke? (Wani mai karatu)

Amsa: Wa alaikumus salam. Kada ka sauke. In kuma ka riga ka yi aika-aikar, goge ta. Babu manhajar da ke canza ƙirar da aka yi wa ƙwaƙwalwar waya a masana'anta. Talla ce kawai za ta ninka maka.

Tambaya: Malam, barka da aiki. An ce kwamfutar kwantum tana gwada dukkan amsoshi a lokaci guda, don haka cikin ƙiftawar ido za ta gano kalmar sirrin bankina. Hankalina ya tashi. In kwashe kuɗina ne? (Wani ɗan kasuwa)

Amsa: Alhaji, bar kuɗinka inda suke, ka gyara zama, don ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Wannan magana ta "gwada dukkan amsoshi a lokaci guda" ta ishe ni. Masu bidiyo sun maimaita ta har ta zama kamar karatu, alhali rabin zancen suka ɗauko suka bar rabin da ya fi muhimmanci.

Kwamfutar da muka sani tana aiki da bit, ko 0 ko 1. Ta kwantum tana aiki da kiyubit, wanda zai iya zama cikin wani hali da ya haɗa kason 0 da kason 1, kowane kaso da lambar da ke nuna nauyinsa. In kiyubit ya kai 300, lambobin da ake buƙata don siffanta halinsu sun fi ƙwayoyin zarra da ke sararin da ɗan'adam ke iya hangowa yawa. Nan masu bidiyo suke tsayawa su yi ta tafi. To amma da zarar ka auna, amsa ɗaya tak za ta faɗo maka, bisa sa'a kawai, sauran duk sun bi iska. Da a ce gwada komai ne kaɗai aikin na'urar, da ba ta fi mai canki-canka ba.

Sirrin yana cikin lambobin nan na nauyi, domin wasu suna iya zama kishiyar wasu. Jefa duwatsu biyu a kududdufi ka kalli inda igiyoyin ruwan suka haɗu: wani wuri tudu ya hau tudu ruwan ya ƙara tashi, wani wuri tudu ya faɗa kwari ruwan ya kwanta lumui. Aikin masanin shi ne ya tsara lissafin yadda hanyoyin da ke kai wa ga amsar banza za su kashe juna, na amsar gaskiya su ƙarfafa juna, kafin a auna. Wannan tsari wahala gare shi, kuma matsaloli ƙalilan ne aka gano yadda za a yi musu shi.

Ɗaya daga cikinsu ce ta jawo duk wannan hayaniya. A 1994 Peter Shor, yana aiki a Bell Labs a Amurka, ya nuna yadda kwamfutar kwantum za ta iya warware babbar lamba ta gano lambobi biyun da aka ninka aka same ta. Makullin RSA na ɓoye bayanai a intanet, wanda aka fito da shi a 1977, ya dogara ne kan cewa ninkawa sauƙi gare ta amma warwarewa sai a shekara dubbai ana fama. Dabarar Shor tana karya shi, tana kuma karya ɗan'uwansa na lissafin lanƙwasa da shafukan intanet da yawa ke amfani da shi. Wannan gaskiya ne, ba na musu. Dabara ta biyu, ta Lov Grover a 1996, tana rage laluben abu miliyan ɗaya zuwa taku kusan dubu. Maganinta a ninka tsawon makulli, shi ke nan.

Yanzu ina na'urar? A 2001 masana na IBM da Jami'ar Stanford suka yi amfani da kiyubit 7 suka gano cewa 15 shi ne 3 sau 5. Ɗan aji uku ya riga su. A 2019 Google ta ce na'urarta Sycamore mai kiyubit 53 ta yi cikin daƙiƙa 200 abin da zai ɗauki babbar kwamfuta shekara 10,000. IBM ta ce a'a, kwana biyu da rabi ya isa, kuma aikin kansa ba shi da amfanin komai in ban da gwajin ƙarfi. Na'urar Willow da Google ta nuna a Disamban 2024 kiyubit 105 gare ta. Shi kuwa karya RSA mai bit 2048, Craig Gidney da Martin Ekerå sun ƙiyasta a 2019 cewa sai an tara kiyubit miliyan 20 sun yi aikin awa takwas. A 2025 Gidney ya sauko da ƙiyasin zuwa ƙasa da miliyan ɗaya cikin ƙasa da mako guda. Saukowar ta isa a kula, amma tsakanin 105 da miliyan akwai tafiya. Dalilin yawan shi ne kiyubit ba shi da juriya: ɗan ɗumi ko ɗan girgiza sai halinsa ya wargaje, don haka sai an tara da yawa suna gyara kuren juna kafin a samu guda ɗaya abin dogaro.

Abin da ya kamata ya dami gwamnatoci shi ne masu tara ɓoyayyun saƙonni yau, su ajiye har ranar da na'urar za ta samu. Shi ya sa a Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin kulle bayanai guda uku, waɗanda ba a san dabarar kwantum da ke karya su ba. Manhajar aika saƙo ta Signal ta fara sa irin wannan kariya a 2023, Apple ta sa wa iMessage a 2024, Chrome ma ta bi sahu. Ta ina kariyar za ta iso wayarka? Ta sabuntawar nan da kake danna wa "anjima" tun bara. Shiga saiti yau ka kunna sabuntawa ta kai-tsaye, ta waya da ta manhajoji duka.

Kalmar sirrin bankinka kuwa, manhajar banki tana rufe asusu in an yi kuskure 'yan lokuta, kuma babu kiyubit da zai hana ta. Ɓarawon da ya kamata ka ji tsoro ba ya buƙatar ilimin fiziks. Kiranka zai yi da ladabi, ya ce daga banki yake, ka karanto masa lambar da aka turo maka yanzu. Kai kuma ka karanto. Sannan in kalmar sirrin taka shekarar haihuwarka ce, Alhaji, kada ka ɗora wa Shor laifi.

Tambaya: Malam, malaminmu ya ce ƙwayoyi biyu da suka sarƙe suna jin juna nan take komai nisa. Ke nan za a yi intanet da ya fi haske gudu? ('Yar jami'a)

Amsa: Malama, kin yi tambayar da ta hana Einstein barci. Shi da Podolsky da Rosen sun kawo wannan ƙorafi a 1935, John Bell ya nuna yadda za a gwada a 1964, Alain Aspect ya gwada a Faransa a 1982, kuma a 2022 shi da John Clauser da Anton Zeilinger suka karɓi kyautar Nobel a kai. Sarƙewar gaskiya ce. Tauraron ɗan'adam na Sin mai suna Micius ya nuna ta a 2017 tsakanin tashoshi biyu masu nisan kilomita 1,200. Sai dai ba ke kike zaɓar abin da awonki zai bayar ba. Ke za ki ga jerin 0 da 1 marasa kan gado, na can ma haka, kuma ba za ku san sun dace ba sai kun kwatanta ta hanyar sadarwa ta yau da kullum, wadda ba ta wuce gudun haske. Inda abin ke da amfani shi ne raba makullin sirri, tunda an tabbatar tun 1982 cewa ba a iya kwafar halin kiyubit da ba a sani ba, mai leƙe kuma dole ya bar sawu.

Tambaya: Zan sayi laftof. In jira ta kwantum ta fito? (Wani ma'aikaci)

Amsa: Za ka tsufa kana jira. Na'urorin Google da IBM suna zaune cikin firij da sanyinsa ya kusa 273 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, ya fi na sararin samaniya. Ko ka samu, ba za ta ƙara wa bidiyo ko rubutu sauri ba. Sayi mai SSD da isasshen RAM. Ita SSD ɗin ma da kimiyyar kwantum take adana bayanai, ta hanyar ilektiron da ke ratsa shingen da a tsohon lissafi bai kamata ya ratsa ba.

Tambaya: Ina son koyon fannin. Daga ina zan fara? (Wani ɗalibi)

Amsa: Daga lissafin matiris da bekta, sannan Python, harshen rubuta manhaja, sannan Qiskit, kayan aikin IBM na ba kwamfutar kwantum umarni. IBM ta buɗe na'urorinta ga jama'a ta intanet tun 2016. Wanda ya tsallake lissafin ya tafi bidiyo, shi ne zai dawo ya ce min tana gwada dukkan amsoshi.

Tambaya: Da gaske wani masani ya kulle mage a akwati da guba? (Wata mai karatu)

Amsa: A takarda kawai, Hajiya. Erwin Schrödinger ya ƙirƙiro misalin a 1935 don ya nuna wautar ɗaukar dokar ƙwayoyi a ɗora wa manyan abubuwa. Ba a taɓa magen kowa ba.