Amsa ga mai tambaya kan yaron da jininsa ya yi ƙasa

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Kin ce watansa 14, an auna a asibiti an ce jininsa ya yi ƙasa, ba abin da yake karɓa sai koko da shayi, ga maƙwabta na cewa ki haɗa masa lemun malt da madara.

Ki ajiye zancen malt ɗin nan. Sukari ne ya fi yawa a ciki, madarar shanu kuma ba ta da wani sinadarin ƙarfe na a zo a gani, alhali da shi jiki ke haɗa jini. Jariri kan zo duniya da guzurinsa na wannan sinadari, amma wajen wata 6 yake ƙarewa, daga nan sai abin da aka zuba masa a kwano. Ba ke kaɗai ba ce, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini.

Shayin ne ma ya fi damuna. Mu nan Jos sanyi ya sa mun mai da shi abincin yara, ga shi ganyensa yana hana jiki tsotsar sinadarin, ya kuma cika cikin yaro ya ƙi abinci. Autata haka ta yi. In na ja fatar idonta ta ƙasa sai in ga fari fat, har ƙasa take tsinta tana ci a gindin katanga.

Hanta ce ta fi taimaka mana. Ba sai kilo ba, mahauci ya yanko miki 'yar kaɗan, ki dafa ta dahu sosai, ki murje da bayan cokali cikin gwate ko faten wake, sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Ranar da babu, ki daka ƙananan busassun kifi ki barbaɗa. Kokon ma kada ya tafi haka gayansa, ki zuba garin soyayyen waken suya da gyaɗa. Alayyafo da zogale kuwa ga su nan a Faringada, sai dai sinadarin ganye ba ya shiga jiki kamar na nama, don haka ki bi shi da lemun zaƙi ko gwaiba. Nono kuma kar ki yaye shi yanzu.

Amma abinci kaɗai ba ya gama magana. An duba zazzaɓin cizon sauro? An gwada sikila? Ki tambayi maganin tsutsar ciki, ana ba yaro daga shekara ɗaya. In sun rubuta maganin ƙarin jini na ruwa, kashinsa zai yi baƙi, kar ki tsorata ki daina, ki ba shi har lokacin da likita ya ɗiba, ki kuma ajiye kwalbar inda hannun yara ba zai kai ba. In kika ga yana haki ko jikinsa ya saki, ko da tsakar dare ne ki koma asibiti.