Kafin sabon fim ɗin Miyazaki ya fito, me zan kalla?

Ɗan'uwa, ka ce ka kalli The Boy and the Heron, yanzu ka ƙagu ka ga fim na gaba na Hayao Miyazaki, daraktan fina-finan zane ɗan ƙasar Japan, kana neman tsofaffin da za ka rage zaman jira da su.

Sai ka yi haƙuri, jiran zai iya tsawo. Tsakanin The Wind Rises na 2013 da wanda ka kalla na 2023 shekara goma ce cur, ɗaya daga cikin dalilan shi ne yawancin zanen da hannu ake yin sa. Kada ka yarda da ranar fitowar da ake yaɗawa a TikTok, sai Studio Ghibli, kamfanin da ke shirya fina-finansa, ya sanar da kansa.

Ka fara da Spirited Away na 2001, wanda ya ci kyautar Oscar. Wurin da yarinyar ke zaune shiru cikin jirgin ƙasa yana tafiya a kan ruwa, har yau yana raina. Daga nan sai My Neighbor Totoro na 1988, wannan kam ka kalla tare da yara.

Amma don zane ne ba ya nufin na yara ne. Princess Mononoke akwai jini. Grave of the Fireflies na Isao Takahata, abokin aikin Miyazaki a Studio Ghibli, labarin yaro da ƙanwarsa a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, ya sa ni kuka sosai.

Yawancinsu suna Netflix. Ka guji shafukan saukewa kyauta, nan ake kwaso cutar waya. In ka riga ka sauke wata manhaja daga can wayarka ta fara rikici, kai ta wurin mai gyara.