Tambaya da Amsa: Ina "y" Ta Shiga a Tsayayyen Layi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. An ba mu layin x = 5, aka ce mu nemo ikweshan ɗin wani layi da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da shi, ya kuma ratsa ta ɗigon (−3, 7). Na ɗauko y = mx + c kamar yadda muka saba, amma na rasa abin da zan sa a gurbin m. A ina na kuskure?
Daga wata ɗalibar sakandare.

Amsa: Malama, ba lissafinki ne ya karkace ba, ƙa'idar da kika ɗauko ce ba ta aiki a nan. Ɗauki ɗigo biyu a kan layin x = 5, misali (5, 1) da (5, 4). Gangarar layi, wato m, ita ce bambancin y a raba da bambancin x. A sama kin samu 4 − 1 = 3, a ƙasa kuwa 5 − 5 = 0. Ba a raba lamba da sifili, saboda haka tsayayyen layi ba shi da m sam. Kada ki rubuta m = 0. Wannan na kwantaccen layi ne, irin y = 7, kuma a nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki.

Zana shi a takardar giraf ki gani. Duk ɗigon da ke kan layin, ko ya hau sama ko ya gangara ƙasa, x ɗinsa 5 ne, y ce kaɗai ke canzawa. Shi ya sa ba a ambace ta a ikweshan ɗin ba. Layin da zai jera da tsayayyen layi ba tare da sun taɓa haɗuwa ba, dole shi ma ya zama tsayayye, kamar turaku biyu. Sai ki duba lambar farko ta ɗigon da aka ba ki. Amsarki ita ce x = −3. Ita 7 ɗin nan ba ta da aikin yi, in kika bi ta kika rubuta y = 7, kin samo layin da ya gitta na farko ne.

Wani lokaci masu tsara jarabawa kan ɓoye layin, su rubuta 2x − 10 = 0. Da zarar kin ga babu y, warware shi: 2x = 10, x = 5.

In kuma tazara aka ba ki maimakon ɗigo, a ce layin da ke nesa da x = 5 da taku 4, to amsa biyu ce: x = 9 ta dama, x = 1 ta hagu. Rubuta duka biyun. Tazarar da ke tsakanin x = 5 da x = −3 kuwa 8 ce, ba 2 ba, domin 5 − (−3) = 8. Ki kula da alamar ɗebewar nan sosai.