Ku tambaya mu amsa: saitin kyamara idan ana ɗauka da RAW, da lens ɗin ɗaukar duwatsu da sarari

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Kwanan nan na koma ɗauka da RAW, sai wani abokina yace tunda RAW ne duk saitin da ke menu ɗin kyamara aikin banza ne in ƙyale su kawai. Kuma abin da ke ɗaure min kai, hoto zai yi kyau a sikirin ɗin kyamara kala ta fito ras, ina sa shi a manhajar gyaran hoto ta Lightroom sai ya nuna kyan nan na ƙiftawar ido sannan ya koɗe kamar an wanke shi. Kyamarar ce ta samu matsala ko ni ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kyamararka lafiyarta ƙalau, kai ma haka. Abin da kake gani a bayan kyamara ba RAW ɗin bane, wato ɗanyen bayanin da sensa, farantin da ke karɓar haske a cikin kyamara, ta kama ba a sarrafa ba, wani ɗan JPEG ne, gamammen hoto da kyamara ke haɗawa ta cusa a cikin fayil ɗin, ta sa masa kala da kaifi yadda ka saita. Wannan JPEG ɗin Lightroom ke fara nuna maka kafin ya gama karanta ainihin fayil ɗin, yana gamawa sai ya ɗora nasa fasalin kalar, Adobe Color, shine kake ganin kamar an wanke hoton. In kalar kyamarar kake so ka buɗe da manhajar kamfanin, Digital Photo Professional in Canon ce, NX Studio in Nikon ce, su suna karanta saitinka. Ko a Lightroom ɗin ma akwai rukunin Camera Matching da ke kwaikwayonta, ba ɗari bisa ɗari ba dai amma da kusa.

Shi kuma abokin naka ya faɗi gaskiya amma bai kai ta ƙarshe ba. Daidaiton fari (white balance), kaifi, ƙarfin kala, tsarin kala na sRGB ko Adobe RGB, da abin da Canon ke kira Picture Style, Nikon ke kira Picture Control, Fujifilm ke kira Film Simulation, duk ba sa taɓa RAW, rubutu ne kawai ake maƙala wa fayil ka canza a kwamfuta ba asara. Kai ko baƙi da fari ka saita, kalarka na nan a ciki cif. Dalili kuwa JPEG bit 8 ne, matakin haske 256 ga kowace kala, shi kuwa RAW mai bit 12 mataki 4,096 ne, mai bit 14 kuma 16,384, kaga wurin juyawa yana da yawa.

Amma fa saurin shata da buɗewar lens da ISO, wato lambar ƙara wa hoto haske, da fokas, waɗannan in an ɗauka an ɗauka. Sannan akwai wasu 'yan saiti masu shigowa ta bayan gida, su ne suka fi cin mutane. Highlight Tone Priority na Canon, kana kunna shi za ka ga ISO ya ƙi sauka ƙasa da 200 a yawancin kyamarorin, saboda a ɓoye tana rage hasken da mataki ɗaya, wato zuwa rabi, don kar wurin fari ya ƙone. DR200 da DR400 na Fujifilm dabarar ɗaya ce, mataki ɗaya da mataki biyu. Active D-Lighting na Nikon shi ma yakan sa awon haske ya ɗan yi ƙasa, kuma sau da yawa Lightroom ba ya aiki da shi, sai ka buɗe hoto ka tarar da duhu ka rasa daga ina. Ni dai kashe su nake yi in RAW nake ɗauka. Akwai kuma mai rage dishi-dishi na doguwar ɗauka, wanda in ka buɗe shata daƙiƙa 30 sai kyamara ta ƙara wasu 30 ɗin a rufe tana ɗaukar duhu zalla don ta cire ɗigon da zafin sensa ya haifar, wannan kam har cikin RAW yake shiga, yana da amfani amma ka san rabin lokacinka ya tafi a jira.

Inda nafi so ka riƙe shine histogiram, zanen nan da ke nuna yawan haske da duhun da ke cikin hoto. Shi da walƙiyar nan da ke ƙyaftawa a inda haske ya yi yawa, daga wancan ɗan JPEG ɗin ake lissafa su, ba daga RAW ba. In ka sa saiti mai kala da ƙarfi irin Landscape ko Vivid, kyamara za ta yi ta maka ihun girgije ya ƙone alhali RAW ɗin da sauransa, kai kuma sai ka tsorata ka rage haske, ka zo gida kana ɗago inuwa dishi-dishi na fitowa kamar an watsa yashi. Ka sa Neutral, ko Flat in kyamarar na da shi, hoton zai yi lami a sikirin ba zai burge kowa ba amma histogiram zai fi faɗa maka gaskiya. In da zaɓi ka sa bit 14 da matsin fayil ɗin da ba ya zubar da komai (lossless), fayil zai yi nauyi, toh ai kati aka yi don shi.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ƙaramar Canon gare ni mai sensar APS-C da lens ɗin da ta zo da shi 18-55mm, ina son ɗaukar duwatsu da tafki da faɗuwar rana, kowa na tambaya sai yace in sayi mafi faɗin lens da zan samu. Wanne zan saya? Daga wata mai karatu.

AMSA: Barka kadai 'yar'uwa. Kafin ki sayi komai ki buɗe hotunanki hamsin da kika fi so ki duba a milimita nawa kika ɗauke su, kowane fayil yana ajiye wannan bayanin. In kullum a 18 kike kina jin an matse ki, toh faɗi kike nema. In kuma kullum a 55 kike kina yanke hoto a kwamfuta, masu baki shawarar nan sun kusa sa ki ɓatar da kuɗi.

Sai lissafi kaɗan. Da sensar Canon irin taki ana ninka milimitan lens da 1.6, ta Nikon da Sony da Fujifilm 1.5, wato 18-55 ɗinki kamar 29-88 ne a babbar sensa, wadda ake kira full frame. Don haka in kika ji masu babbar kyamara na yabon 16-35mm, ke kwatankwacinsa shine 10-18mm ko 10-22mm.

Matsalar lens mai faɗi sosai, dutsen da ya cika miki ido kina tsaye har kika ce kai, shi sai ya mayar da shi ɗan tsiri can nesa, rabin hoto sama ce fayau rabi ƙasa ce ba komai. Nima na sha wannan a farko, in dawo da kati cike da sararin da ba abin kallo. Ba ya aiki sai da abu a gaba, ki durƙusa ki matso kusa da wani dutse ko tsagewar busasshiyar laka ko ciyawar bakin ruwa har kamar za ki taɓa, shi ya cika ƙasan hoton ya ja ido zuwa can. Kuma in kika ɗaura masa filtar folaraiza, mai rage ƙyalli da ƙara shuɗin sama, sama takan yi shuɗi mai duhu a gefe ɗaya ta yi haske a ɗaya gefen, gyaransa ciwon kai ne. Wasu ma gilashin gabansu a kumbure yake, irin tsohon Nikon 14-24mm f/2.8, filta mai murɗawa ba ta hawa sam.

Ni lens mai jawo nesa nake ganin an raina a wannan harka. Da 55-250mm, ko 70-200mm, za ki ciro tsaunuka uku huɗu da suka jeru cikin hazo kamar an jingina su da juna, ko bishiya ɗaya tal da rana ta haska, ko ranar kanta ta fito ƙatuwa. Kuma ba sai mai f/2.8 ba, wato mai babbar buɗewa, don ƙaramar lambar f ita ce babbar ƙofa, tunda akasari a f/8 ko f/11 za ki zauna kyamara na kan sanda mai ƙafa uku, 70-200 mai f/2.8 yana kai kilo ɗaya da rabi, mai f/4 kusan rabin haka, wanda ya hau tudu da jaka a baya ya san bambancin. Sai dai in taurari kike so, nan kam mai faɗi kuma f/2.8 ko wanda ya fi haka buɗewa.

TAMBAYA: Oga, ba f/22 ne ya fi ba tunda komai zai shiga fokas?

AMSA: Zai shiga ɗan'uwa, amma hoton gaba ɗaya zai yi laushi, don in ƙofar ta tsuke da yawa haske bazuwa yake a gefenta, ga duk ƙurar da ke kan sensa ta fito ɗigo-ɗigo a sama. Kuma ba ka ma buƙata, a babbar sensa da 24mm a f/11 in ka sa fokas a wajen mita 2, daga kusan mita 1 har ƙarshen gani duk zai fito tas. In furen da ke gabanka ya fi haka kusa, ɗauki hoto uku, ɗaya fokas a kansa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a kan dutsen can, ka haɗe su a kwamfuta, ka dai jira iska ta lafa kafin ka danna.